Shekarar da Ruwa Ya Tafi da Tsumman Iya

Na san abin da ake gaya muku a kasuwa. Ana cewa ubanku ya ƙi zuwa Legas ne don tsoron gada. Wasu ma sun ce teku aka nuna min a hoto cikina ya ɓaci. Ɗanliti, wanda ya tafi a madadina, har yau in ya zo gida sai ya tsayar da motarsa daidai rumfarmu, ya sauke gilashi ya ce, "Kyari, har yanzu ana girkin?" Ni kuma in ce masa ana yi, ya aiko da kwano. To ku bari in gaya muku yadda aka yi, kada in mutu ku gaji labarin Ɗanliti. Ni da na taɓa haye kogin Haɗejiya da buhun shinkafa a ka, kada yana bina yana roƙon in tsaya mu gaisa, ni ne gada za ta ba tsoro?

Kakarku Falmata, mahaifiyata, wadda muke kira Iya, iyayenta mutanen bakin Tafkin Chadi ne. Sun gangaro suka zauna a wani ƙauye bayan Kirikasamma, kuma cikin 'yan komatsan da suka taho da su har da irin wani tumatir da ba a kai shi kasuwa. Ƙato ne, mai tsaga-tsaga kamar kabewa, mummuna, ga tsami ga laushi. In ka sa shi a kwando ka ɗora a mota, kafin Kano ya zama miya. Ba dillalin da zai kalle shi sau biyu, kuma ni dillalin tumatir ne, na san abin da nake faɗa. Amma yana da ciki. In aka yanke masa hula aka kwashe 'ya'yan, ramin da zai bari kaza za ta iya kwanci a ciki. Shi ake ɗurawa. Tsakin gero da aka turara rabi, da busasshiyar tarwaɗa a daka a tsince ƙaya, da albasa, da daddawa, da garin ƙuli, da ɗan man shanu. A cika cikin, a mayar da hular a soke ta da tsinke, a jera a tukunyar ƙasa a kan karan dawa, a rufe, a binne tukunyar cikin rushi. Ƙanshinsa kuwa, ba zan rantse ba, amma na taɓa ganin makaho ya baro hanyar masallaci ya biyo shi har tsakar gidanmu bai yi tuntuɓe ba.

Sau ɗaya ake yinsa a shekara, ranar da tumatirin ya nuna, kuma ba don cinmu ba. Kowane ɗaya da sunan wani da ya riga mu gidan gaskiya. Iya za ta ɗauki tumatir ta ce, "Wannan na wance ne, Allah ya jiƙanta," mu ce amin, ta ɗura ta ajiye, ta ɗauki na gaba, har ta ƙare mutanenta tun daga waɗanda aka binne a bakin tafki. In ya dahu a raba sadaka gida-gida, mu 'yan gida mu ci wanda ya fashe. Ina yaro addu'ata kullum su fashe duka. 'Ya'yan da aka kwashe kuma ba a zubarwa. Iya tana da wani tsumma, tsohon zanen uwarta, a kansa take shafe su da toka ta shanya, ta rataye a saman madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Shi ne irin baɗi. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji kuma sai an yago mata ƙyalle daga tsumman nan an sa cikin kayanta. Ni dai duk abin da na sani na kakannina, a bakin tukunyar nan na ji shi.

Shekarar da nake ba ku labari, yayarku Fanna tana goye, ku sauran ba a ma san da zuwanku ba. Ƙarshen damina kogi ya cika, ya tarar ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, sai ya ce bari ya bi ta ɗakunan mutane. A kwalekwale aka fito da Iya, daga ita sai zanen jikinta da carbi. Madafar ta riga ta zauna, ruwa ya tafi da abin da ke cikinta, har da tsumman. Na kawo ta gidana a Haɗejiya, uwarku Zulai ta share mata ɗaki. Ba ta yi kukan awaki ba, ba ta yi kukan rumbu ba. Sai dai ta daina cin abinci. Loma biyu ta ture kwano. Matar da in ta yi tsawa a ƙauye ake ji a Kirikasamma, ta koma sai ka kai kunne bakinta. Wata safiya na durƙusa gaishe ta, ta ce da ni, kun san sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba:

"Babana, bana ba mai kiransu."

"Su wa, Iya?"

"Ka san su wa."

A daidai wannan lokacin ne kuma Alhajin da nake yi wa dillanci ya kira ni ofishinsa ya ce ni zai tura Legas in zama wakilinsa na rani, in riƙa karɓar motoci ina sayarwa. Kujerar da na yi shekaru ina zagayawa kamar kare da tukunyar nama. Ya ce motar farko za ta tashi da shigowar sanyi. Zulai har ta kai min yadi wurin tela. Na ce a raina abin mai sauƙi ne, tumatir dai ko? Ni ne sarkinsa. Na je na zaɓo kwando guda na dogon nan mai tauri da ake yayi, manya-manya, na dire gaban Iya ina huci kamar wanda ya kaso zaki. Zulai ta yanke wa ɗaya hula ta sa cokali, cokali ya ce shi ba zai shiga ba. Iya ta karɓa ta danna da babban yatsa.

"Wannan tumatir ne ko ƙwan agwagwa?"

"Iya, shi ake yayi. Har Legas yake zuwa bai ce uffan ba."

"To ya je. A ina zan sa uwata a cikin wannan? Ko ɗan yatsanta ba zai shiga ba."

Daga ranar zama ya gagare ni. In ina rumfa hankalina yana gida, in na dawo gida na ga kwanon Iya a rufe yadda aka kai shi, sai in sake fita. Na zama kamar wanda aka zuba wa ƙaiƙayi a wando. Na bi manoman fadama ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta musu tumatirin da hannu biyu, wasu su ce sun san shi lokacin kakanninsu, wasu su ce in rage ƙarya. Zulai ce ta tsayar da ni wata rana ina zagaye tsakar gida.

"Baban Fanna, ka zauna mana, ka sa jiri yana ɗibana. Ba kai ka ce kowace amaryar gidanku ana ba ta ƙyalle ba?"

Ban tsaya sa takalmi daidai ba na hau babur. A Kaugama yayata Aisa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ɓera ya cinye nata tun tana amarya. Wata 'yar kawunmu ta ce ita da ta ga ƙyallen ta ɗauka datti ne, ta wanke shi tas da sabulu, har ta ɗauko min shi fari ƙal tana jiran in yaba. Wata ta shuka, akuyar maƙwabta ta yi wa kanta sadaka. Na yi yawon da har babur ɗin in ya ga na nufo shi sai ya fara tari. Saura mutum ɗaya, kuma kowa ya san ita ce ta ƙarshen da ya kamata in je wa: Inna Yagana, ƙanwar Iya, a Birniwa.

Ita da Iya sun daɗe ba sa magana, kuma dalilin shi ne ƙanensu, Kawu Modu. Yana saurayi ya ɗauki kwalekwalen gidan ya koma tafki kamun kifi, ya ce zai dawo kafin kaka. Bai dawo ba. Uwarsu ta kwanta ciwo, aka aika masa, ya ce yana nan tafe. Iya ce ta yi jinyar, ita ta ji tsohuwar tana tambayar ko Modu ne duk lokacin da aka taɓa ƙyaure, har ta cika. Daga baya shi ma labarin mutuwarsa ya zo daga can. Shekarar da ya kamata ya shiga tukunya, Iya ta kira kowa ta tsallake shi. Inna Yagana ta ce an manta da Modu. Iya ta ce ba ta manta ba. Inna ta ɗauki mayafinta, shi ke nan.

Na same ta a gindin dalbejiya tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu, ido kuwa kamar na shaho. Muka gaisa, ta tambayi ruwa da ɓarnar da ya yi, ta tambayi Zulai da goyo, ba ta tambayi yayarta ba. Na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Falmata ce ta aiko ka?"

"A'a Inna, ƙafata ce ta kawo ni."

"Na sani. Ita ko ɗakinta ke cin wuta ba za ta aiko neman ruwa wurina ba. Tsumman ya tafi ko?"

"Ya tafi. Kuma ba ta cin abinci."

Ta ture gyaɗar gefe. Sannan ta shiga ɗaki, na ji ana ta sauke kwanuka, ta fito da ƙyalle bai fi tafin hannu ba, ya yi baƙi, 'ya'yan sun manne a jiki kamar ƙuda.

"Nan rairayi ne, rijiya da zurfi, ƙafata kuma ta ƙi. Na daɗe ban shuka ba. Ban san ko da sauran rai a cikinsa ba, kuma shi ke nan gare ni. Zan ba ka. Amma ranar ɗuri Modu zai shiga tukunya. Zan zo da kaina in gani. In ba a kira shi ba, 'ya'yan da aka kwashe nawa ne, in juye abina in dawo. Ko ƙwaya ɗaya ba zan bar muku ba."

"Inna, kin san halin yayarki."

"Ciki ɗaya muka fito. Ita ma ta san nawa."

Ban ɓoye wa Iya komai ba. Na shimfiɗa ƙyallen a gabanta na faɗi sharaɗin. Hannunta ya taso zai taɓa, ta mayar da shi cikin zane.

"Mayar mata."

"Iya, man babur ya ƙare."

"Tura shi."

Ban tura ba. Na samu tsohon baho mai huda na cika da ƙasar fadama da taki, na jiƙa ƙyallen na yafa irin a bayan ɗaki. Kullum ina tsugune a kansa kamar mai jiran haihuwa. Da ƙyar wasu 'yan tsiraru suka leƙo, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sirara kamar gashin jariri. Sai na lura Iya ta sauya wurin alwala. Ga magudana a ƙofar ɗakinta, amma sai ta ɗauki buta ta zagaya baya, ta daɗe. Kwanonta kuma ya fara dawowa rabi. Ana cikin haka sanyi ya shigo, Alhaji ya aiko, na je.

"Kyari, ana lodi. Ka shirya?"

"Alhaji, ina da jinya."

"Subhanallahi. Wa ke kwance?"

"Tumatir."

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Na san ka da wasa. Wannan maganar Legas ce."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To ka ba wani ya kula mana. Manoma sun ƙare a Haɗejiya ne?"

Na riga na yi wannan tunanin har kaina ya yi zafi. Manomi nasa zai fara ba ruwa, kuma da gaskiyarsa. Ranar da tsutsa ta sauka, gonarsa zai ceta, ba 'yan tsirarun wani mahaukaci ba. In suka mutu kuma babu wani ƙyallen a duniya. Ko da an samu mai amana, wa zai tsaya tsakanin tsofaffin nan biyu ranar ɗuri? Zulai suruka ce, ba ta da bakin magana. Na faɗa masa iya abin da zai faɗu.

"Kujerar nan ba ta jira," in ji shi. "In na ba Ɗanliti, na ba shi ke nan. Ba bana kaɗai ba."

"A ba shi."

Kada ku ɗauka na fito ina murna. Ranar da motar ta tashi har tasha na je. Ɗanliti yana gaba ya saƙalo hannu ta taga, sanye da irin yadin da Zulai ta kai min ɗinki. Da motar ta hau titi sai da na bi ta da ƙafa har gidan mai, ban san me zan ce ba in ta tsaya. Har gobe in na ji ƙarar motar lodi tana barin gari, tafin ƙafata sai ya yi ƙaiƙayi. Zulai kuwa ta yi min yajin baki, miyata ta koma ba kifi, in na yi magana ta ce in je in tambayi 'ya'yana na baho. Gidan bene da kuke gani na Ɗanliti, da wataƙila a cikinsa aka haife ku. Wannan gaskiya ne, ba na musu.

Na ari kusurwar fadamar wani abokina na dasa su. Dillalin da bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba ya koma jan ruwa da guga. Na yi musu shinge da ƙaya har akuyoyin unguwar suka kai ƙarata. Tsutsa da hannu nake tsince ta ganye-ganye, na san wasu da fuska. In na dawo Iya ba ta tambaya, sai dai ta yi magana da bango.

"Ni ban ce a shuka ba. Amma wanda yake ba shuka ruwa da rana tsaka, ban san wa ya haife shi ba."

Suka yi fure, suka ɗaura, suka yi ta kumbura har sai da na tokare rassan da sanda. Da suka nuna na aika Birniwa. Kullum ina jiran Iya ta ce wani abu game da sharaɗin, ba ta ce ba. Ni ma na kasa tambaya.

Ranar ɗuri Inna Yagana ta iso da hantsi, da wani wankakken tsumma a ninke a hammata. Zulai ta shimfiɗa mata tabarma. 'Yan'uwan suka dubi juna.

"Kin zo lafiya?"

"Lafiya."

"Kin tsufa."

"Ke na biyo."

Zulai ta yanke huluna ta kwashe 'ya'yan a ƙwarya, ta jera kayan ɗuri a faifai. Ni na kasa zama, ina hura rushin da ya riga ya kamu. Iya ta yi bisimilla ta ɗauki na farko, muryarta ta dawo kamar ba ita ce ta kwanta ba. A ranar na ga abin da ban taɓa lura da shi ba ina yaro, don lokacin idona yana kan wanda zai fashe. Ashe ba ɗuri ɗaya take yi musu ba.

"Wannan na Kaka Fanna ne, Allah ya jiƙanta. Kar ki sa mata albasa, tana sa ta gyatsa."

Muka ce amin.

"Wannan na Baba Kyari ne, Allah ya jiƙansa. Cika masa kifi, ba ya ƙoshi. Mai sunansa ma ga shi nan."

"Wannan na Yaya Bintu ne. Ba haƙori ta mutu, murje mata tsakin."

Da ta zo kan na uwarsu ba ta bar Zulai ta taɓa ba, ita ta haɗa da kanta, ta sa a tsakiyar tukunya. Haka ta bi su har ta ƙare. Saura tumatir ɗaya a faifai, don da gangan na tsinko da ƙari. Iya ta goge hannu a zane.

"An gama. A rufe."

Inna Yagana ta gyara zama. Ta warware tsummanta a kan cinya, ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar 'ya'yan gabanta. Zulai ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ga ranina gaba ɗaya, da Legas, da guga, za su koma Birniwa a hammatar tsohuwa. Ban san lokacin da na tsuguna na ɗauki cokali ba.

"Namiji ba ya ɗuri," in ji Iya.

"Iya, Legas ma na bari. Wando ne zai gagare ni?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga tumatirin.

"Wannan na Kawu Modu ne. Allah ya jiƙansa."

Inna Yagana ta ce amin. Zulai ta ce amin a ciki-ciki. Iya tana kallon rushi. Na zuba tsaki, na zuba kifi, na barbaɗa ƙuli, rabi a ciki rabi a ƙafata. Na ɗauki hular zan rufe sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Na ce shi ke nan, yanzu za ta yi jifa da shi bayan katanga. Ta karɓe shi, ta leƙa ciki, ta ja tsaki.

"Haka za ka ba shi? Miƙo barkono."

Zulai ta miƙa. Iya ta zuba, ta duba, ta ƙara.

"Modu in bai yi hawaye ba, bai ci abinci ba."

Ta mayar da hular ta soke da tsinke. Tukunyar ta cika, sai da ta matsar da Baba Kyari gefe, ta ɗaga Yaya Bintu, kafin ta samar masa wuri a jikin na uwarsu. Ta rufe da kanta. Sannan, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce:

"Yagana, matso da tsumman nan mu shafa. 'Ya'yan suna bushewa a ƙwarya."